Mai Suwaita, Wanda Ya Ba Saba Kunnuwansa

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin, Mai Suwaita ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ana zafi kamar mutum ya tuɓe fata, shi kuwa yana cikin rigar sanyi, shi ya sa nas-nas suka laƙaba masa sunan. A ɗakin nan mai sanyi saba take, babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwajin jini da fayil ɗin kowane majinyaci. Ba allo yake fara dubawa ba. Tsayawa yake ya kasa kunne, don shi daga kukan fankoki yake gane wadda ta gaji.

Ma'aikatan ɗakin gwaji har yau suna ba da labarin shekarar da sabar ta tsiri halin banza. Rana na take tsaka sai ta hau ƙara, ta rubuta wai zafi ya yi mata yawa, ta kashe kanta. Ga likita na jiran sakamako, ga mutum kwance ana shirin tiyata. Ya hure mata ƙura, ta sake mutuwa. Ya janye kwalayen da suka tare mata iska ta baya, duk a banza. Shugabar nas ta leƙo ta ce, "Haba Mai Suwaita, ka ba ta maganin zazzaɓi mana!" Ko kallonta bai yi ba. Ya manna kunne a jikin ƙarfen, ya yi tsit, har ya ji wata fanka can ciki tana yi tana ɗaukewa kamar numfashin mai asma. Ya canja ta, aiki ya tashi.

To, rurin fankokin nan ne ya yi ta cin kunnensa a hankali. Matarsa ce ta fara lura, sai ta yi ta sallama yana zaune bai waiwayo ba. Ta sayo masa abin toshe kunne, ya ce, "In na toshe, da me zan yi aikin?"

Bana sabar ta yi ta ihun gargaɗi yana zaune dab da ita bai ji ba, sai da ta mutu. Sakamakon wata yarinya ya makara. Allah ya kiyaye, yarinyar ta warke, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Shi da ƙafarsa ya je wurin shugaban asibiti ya ce, "Ranka ya daɗe, mai gadin da ba ya jin motsin ɓarawo, gara ya miƙa sanda."

Kai, abin da ciwo! Kai ne ka tsare lafiyar mutanen da ko fuskarka ba su sani ba, taka ta zube a cikin gidan magani, likitan kunne yana nan a bene ɗaya da kai.

Ranar sallama aka yi ta jawabi ana tafi. Yana ta murmushi, can ya karkato wajen matarsa ya ce, "Me suke cewa?"

"Yabonka suke yi, Malam."

"Allah sarki," in ji shi.

Ku masu tasowa, ku riƙe amana irin tasa, amma ku tausaya wa jikinku. Wanda kuma ke da irin wannan bawan Allah a wurin aikinsa, ya leƙa ya gode masa tun yana ji.

Mun gode, Mai Suwaita, Allah ya saka da alheri. Mun faɗa a taro ba ka ji ba, to ga shi a rubuce.