Ƙarfen Dogo da Wili

Idan wata rana aka zauna rubuta tarihin zaman addinai a duniya, dole a ware wa tsamiyar bayan gidana babi guda. Na taɓa karanta labarin wani ƙauye a kan duwatsun Italiya, inda cocin Katolika da na Waldensiyawa suka yi ƙarnuka suna hararar juna, har jini ya zuba. Mu a Kaura ba mu da dutse irin nasu. Ɗan tudu ne kusa da tashar jirgi, coci biyu a kansa, tsamiya a tsakani, sai gidana daga gefe.

Jirgin ƙasa ne ya kawo su. Ma'aikatan reluwe daga kudu suka fara gina ɗaya, 'yan Katolika. Waɗanda ba sa bin Fada, limamin Katolika, suka ce su ma ba a bar su a baya ba, suka gina tasu. Ba wanda ya mallaki ƙararrawa ta gaske. Katolika suka rataya guntun ƙarfen dogo a reshen gabas, ɗaya cocin suka rataya wili, wato ƙarfen tayar babbar mota, a reshen yamma. Ni Musulmi ne, malamin tarihi, amma kowace Lahadi da waɗannan ƙarafa nake sanin rana ta ɗaga.

Mai buga dogon wani dattijo ne da ya tsufa yana zuba wa jirgi kwal. Kowa Baba yake ce masa. Tsakanina da shi gaisuwa ce mai kyau: kwana, gajiya, iyali, aiki, yana amsawa bi da bi da babbar murya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun koma kudu, sun yi ta aiko masa ya taho. Ya ce wa zai buga?

Da hanyoyi suka lalace, masu zuwa daga ƙauyukan wajen Sakajiki suka buƙaci a tashi coci da wuri, su koma gida da sauran rana. Sai cocin nan biyu suka koma farawa lokaci guda. Ƙarfe biyu a tare kuwa, maƙera ke nan. Aka ce a zaɓi ɗaya ya kira kowa. Idan wili ya ci, Baba ba shi da sauran hujjar zama Kaura, kuma duk unguwa ta san haka.

Aka rasa alƙalin da ba ya da ɓangare, sai aka tuna da ni. Na sa babbar riga, don shari'ar da ta gagari Turai ba a zuwa mata da singileti.

Mai kare wili wata Mama ce, shugabar matan ɗaya cocin, wadda zama ya sa Zamfarcinta ya fi nawa.

"Malam, kai ka sani," in ji ta, "wanga dogo nashi kukan jaki ya fi shi daɗi. Namu ko kamar amarya na magana."

Baba ya miƙe, bai ko dubi inda take ba. "Wanga ƙarfe ya ɗauki gyaɗa da auduga har teku! Muryarshi kamar zuma. Wancan fa? Murfin tukunya!"

"Tsoho, murfin tukunyar da kake cin tuwonta in ka zo gidana?"

Aka yi dariya. Baba ya ga ana yi, shi ma ya yi.

Na ce a buga. Mama ta sa aka buga wili, ya yi kas-kas ya mutu nan take. Baba ya ɗauki gudumarsa, ya gyara tsayuwa, ya sauke ta. Sautin ya tafi, ya tafi, ina jin har 'yan kasuwa sun waiga. Na yi dogon jawabi irin na aji, na ratsa Italiya na dawo, sannan na yanke: dogo ya fi nisan zango, shi zai kira kowa. Wili ya tsaya wa taron mata na ranar Alhamis.

Baba ya dubi fuskokin mutane, ya gane, ya kama hannuna da hannu biyu. Har yau yana nan yana bugawa, coci biyu suna amsawa. Ni kuwa na taho ina jin kaina wanda ya kashe wutar ƙarnuka.

Mama ta cim mini a ƙofar gida, ba alamar an kayar da ita.

"Sannu da shari'a, Malam. Ai tun jiya muka gama da Fada za a bar ma Baba. Mun ce dai a kira ka, ka ji daɗi."

Na ce to, ko ba komai Baba ya san sautin ƙarfensa.

Ta ce, "Wane sauti? Tun jirgi na cin kwal Baba ba ya ji."