Juma'ar da Nuriyya Ba Ta Je Lakwal Ba

Hassia ƴar garin Tawa ce a Nijar, ta huɗu a ƴaƴan wani mai gyaran keken ɗinki. Ta yi boko daidai gwargwado, Faransanci ya zauna mata a baki, sannan aure ya kai ta Faransa tana da shekara ashirin da uku. Mijinta Abdulsalami karatu ya je yi Lyon, da ya ƙare ya samu aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da birnin. Shekara tara suka yi a hawa na sha ɗaya na wani bene a unguwar Minguettes, can ta haifi Nuriyya da Fatsima. Baƙunta ba ta dame ta ba. Yayarta Balkisa tana ginin da ke kallon nasu, ranar Asabar su tafi unguwar Guillotière tare su sayo kuka da daddawa. In malamar lakwal, wato makarantar boko, ta yi magana, Hassia ta mayar mata. In likita ya rubuta, ta karanta.

Sai kamfanin ya rufe sashen su Abdulsalami, aka ce masa akwai gurbi a reshensu na Jamus, a wani ƙaramin gari bakin kogin Rhin. Tun ba su ɗaure kaya ba mata suka cika mata kunne. A rukunin WhatsApp na matan Nijar, wata ta turo murya daga Paris tana cewa Jamusawa ba sa wasa a kan yara: ki ɗaga wa ɗanki murya, maƙwabci ya buga waya, gobe a zo da mota a tafi da shi. Wata ta ce ta san wadda aka yi wa haka. Ba ta faɗi sunan matar ba, ba ta faɗi garin ba. Hassia ta saurari saƙon sau uku, ta ajiye shi a ranta.

Abin da ya fara ba ta tsoro a sabon gidan shiru ne. Gidaje shida a ginin, amma ko tarin mutum ba ka ji. Sati biyu da zuwansu ta kunna injin wanki ranar Lahadi, washegari ta tarar da ƴar takarda manne a ƙofa da rubutun hannu. Abdulsalami ya karanta da ɗan Jamusancin da ya tsinta wurin aiki, ya ce tsohuwar da ke ƙasansu ce take roƙon a bar Lahadi ta huta. Shi ya manta da zancen. Ita kuwa daga ranar ta ɗaga turminta ta sa saman kabad. Ta sa wa yaran safa mai kauri don kada a ji tafiyarsu. In Fatsima, mai shekara biyu, ta fara kuka, sai ta ruga ta rufe tagogi. Faɗa ma da raɗa take yi musu.

A wata na huɗu Balkisa ta haihu, bayan shekara bakwai tana nema. Suna ya faɗo ranar Juma'a. Abdulsalami ba zai samu zuwa ba, amma ya saya musu tikitin jirgin ƙasa, ya ce, "Maman Nuriyya, ki sanar da lakwal ɗin kafin ku tafi."

Ta ce to. Ta ɗauki wayar sau biyu ta ajiye, don ba ta san abin da za ta ce da Jamusanci ba in an ɗauka. A Lyon layi biyu take rubutawa a littafin yarinya bayan an dawo, magana ta ƙare. Ta ce a ranta nan ma haka za ta yi. Suka tafi ranar Alhamis da yamma, suka dawo Litinin. Nuriyya, mai shekara bakwai, ta rasa kwana biyu.

Ranar Alhamis takarda ta zo, farin ambulan mai hatimi. Hassia ta buɗe a tsaye a kicin, ta ɗora wayarta a kai don ta juya mata rubutun zuwa Faransanci. Kalmomin suka riƙa rawa suna canzawa, amma ta kama wasu: tilas, rashin zuwa ba izini, hukumar da abin ya shafa, ku zo ranar Litinin ƙarfe goma. Ta zauna a ƙasa. Da ta ji motsin maɓalli a ƙofa, ta ninke takardar ta cusa cikin buhun shinkafa.

Kwana uku ba ta gaya wa mijinta ba. In mota ta tsaya a ƙofar gini, ta leƙa ta gefen labule. Ranar Juma'a da hantsi aka danna ƙararrawa, ta sungumi Fatsima suka shige banɗaki, ta rungume ta tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta har aka gaji aka tafi. Daga baya ta ga mai kawo saƙo ne, ya bar kwali a bakin matakala. Duk da haka ta haɗa fasfo ɗinsu da kayan yara kala biyu a ƙaramar jaka, ta tura ƙarƙashin gado.

Ta kira Balkisa. "Yaya, in na zo da su gobe, za ki ɓoye mini su?"

"Ɓoye su daga wa? Ke Hassia, me Abdulsalami ya ce?"

"Bai sani ba."

"To ki gaya masa yau. In kika gudu da yara, kin mayar da ƙaramin abu babba."

Sai ranar Lahadi bayan la'asar ta iya. Ta zaro takardar, ta kaɗe mata shinkafa, ta miƙa masa yana kan darduma. Ya daɗe yana karantawa. Bai yi faɗa ba, kuma bai ce mata ba komai ba ne, don shi ma bai sani ba. Ya ce zai ɗauki hutu su je tare.

Ranar Litinin a ofishin lakwal ɗin suka tarar da shugaban, wani dogo mai furfura, da malamar ajin Nuriyya, Madam Becker, wadda ta taɓa zama a Strasbourg ta Faransa, tana jin Faransanci. Shugaban ya fara bayani, malamar tana fassarawa. Hassia ba ta bari an kai ƙarshe ba.

"Madam, ki gaya mini gaskiya. Za ku karɓe ta?"

Malamar ta dube ta, ta dubi Abdulsalami. "Mu karɓe wa?"

"Ɗiyata."

Madam Becker ta ajiye alƙalaminta. Ta ce a'a, ba wanda ya yi wannan maganar. Zuwa lakwal doka ne a nan, in yaro bai zo ba kuma ba a ji daga iyaye ba, dole su rubuta. Ranar Juma'ar ma sun kira lambar gidan sau biyu, don sun ji tsoron ko wani abu ya samu yarinyar a hanya. In akwai biki ko rasuwa, akwai takardar da ake cikewa tun kafin lokaci. Ta zaro guda ta ba ta.

Hassia ta karɓi takardar, sai malamar ta ce akwai wani abu kuma. Nuriyya tana da ƙoƙari, ta kama harshen da sauri, amma ba ta magana sai da raɗa. Makon jiya yara suna ihu a filin wasa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana roƙonsu su yi shiru. Da aka tambaye ta dalili, ta ce in suka yi surutu za a zo da mota a tafi da su.

Hassia ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa faɗa wa yarinyar haka ba, amma ta san inda ta ji: saƙon muryar nan na matar Paris da ta yi ta saurara a gida. Ta yi kuka a gaban mutanen nan, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban baƙo. Shugaban ya tashi ya kawo mata ruwa.

Madam Becker ce ta rubuta mata adireshin ajin koyon Jamusanci da ake yi da safe, inda akwai ɗakin da ake riƙe ƙananan yara. Ranar farko Hassia ta kasa barin Fatsima da matar da ba ta sani ba, ta zauna da ita a cinya har aka tashi. A sati na biyu ta bar ta, amma ta fita leƙe sau huɗu. Abin da ta fara roƙo a koya mata shi ne yadda ake kiran lakwal a ce yaro ba zai zo ba. Nuriyya kuwa sai da ta kusan wata shida kafin muryarta ta fito a aji.

Yanzu shekararsu biyu a garin. Hassia tana aiki safiya uku a sati a kicin ɗin wani gidan tsofaffi, tana yanka kayan miya tare da wata Baturkiya mai yawan dariya. Har yau in ta ga ambulan mai hatimi takan ɗan tsaya kafin ta buɗe, amma tana buɗewa a ranar. Ranta dai yana Lyon. Takan yi wa Abdulsalami maganar komawa, shi kuma ya ce a bari Nuriyya ta ƙare firamare tukuna su gani.