Maman Hope da Kek ɗin Garar Zahra'u

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya san ƙarar muciyar Maman Hope. Kafin masallata su dawo daga asuba ta gama addu'arta ta safe, ta ɗaura farin ɗankwali, ta rungume kwanon silba tana bugun bota da sukari. Tana da injin bugu, 'yarta ce ta saya mata, amma da lantarki yake aiki, wutar layinmu kuwa baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa. Ƙwai ba ta fasa shi kai tsaye cikin kwaɓi. Ɗaya bayan ɗaya take fasawa a ɗan kofi, ta shinshina, sannan ta juye. In gas ya ƙare, ko ya yi tsadar da ba ya taɓuwa, sai ta jawo babbar tukunya ta shimfiɗa yashi a ciki, ta ɗora kan gawayi, ta jera gwangwanayen kek, ta rufe, ta zuba garwashi bisa murfin. Kafin hantsi ƙamshi ya cika layi, har 'yan adaidaita sahu kan rage gudu a ƙofar gidanta alhali ba fasinja.

Sunanta Rahila Ayuba, 'yar Zonkwa ce. Aure ya kawo ta Kano da mijinta malamin makaranta, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Hope, da wannan sana'a. Sama da shekara talatin ke nan tana yi wa unguwa kek na biki da suna da saukar karatu da Kirsimeti da Sallah. Ƙarshen watan nan za ta ajiye muciya, don yatsunta sun fara ƙin lanƙwasuwa. Mu kuma mun ƙware a yabon mutum bayan an binne shi. Ni ina so ta karanta nata da idonta, ko da za ta harare ni ta katanga.

Za ta harare ni kuwa, don Maman Hope ba ta son surutu, kuma ba ta son ciniki. Sau nawa na ji mace ta shigo da gyale mai tsada da waya mai ido uku, an faɗa mata kuɗin kek ta dafe ƙirji.

"Haba Maman Hope! Fulawa ce fa da ƙwai."

"Haka ne, Hajiya. Ga fulawar can, ga ƙwan, ga muciya. Zauna ki buga, ni zan riƙe miki jaka."

Da haka maganar ke mutuwa, a yi dariya, a biya. Mai saye kwalliyar sama take gani, ba ta ganin bayan da ya sunkuya tun asuba, ba ta ganin gwangwanin da ya ƙone gefe aka ajiye wa yaran layi aka sake sabon kwaɓi. Abin da Maman Hope ba ta taɓa yi ba shi ne ta rage kuɗi a baki ta rama a cikin kwano. In kuɗinki bai kai hawa uku ba, za ta ce a yi ɗaya mai kyau. Ba za ta yi miki uku da botar banza ba, ko da za ki yi fushi ki tafi wani wajen.

Sai aka shigo da yayin kek na haya. Farin soso ne, irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a kwali, a sassaƙa shi hawa biyar ko bakwai, a lulluɓe da sukari da furanni, a kai wajen dina a ɗau hoto, washegari a mayar wa mai shi. Yayin ya janye mata masu saye da yawa, aka yi ta ba ta shawara ta shiga. Ta ce ita dai abin da ba za ta iya yanka wa baƙo ba, ba zai fita daga gidanta ba.

Shekarun baya, wannan soso shi ya so ya kwance wa maƙwabciyarmu Kulu zani a kasuwa. Kulu matar Ɗanladi ce, ɗan adaidaita sahu, mutanen Sumaila. 'Yarsu Zahra'u ta samu miji a unguwar Babban Giji, ɗan gidan masu hali, kuma tun da aka sa rana Kulu ba ta da tsoron da ya wuce na gara. Ta san yadda abin yake. Gara ita ce idon da dangin miji ke fara kallon gidan amarya da shi, abin da aka gani ranar rabonta kuma da shi za a yi wa yarinya gori ko a ɗaga ta har ta tsufa. Kulu ta shekara tana adashi, ta yi alkaki da nakiya da dubulan da cincin, ta sayi shinkafa da mai. Kek ne kawai ƙarfinta bai kai ba, ta haƙura. Ɗanta Mubarak kuwa, mai gyaran waya, don ya burge ƙanwarsa, ya karɓo hayar na soso hawa biyar aka yi hoton dina da shi ranar Asabar. Aka dawo da shi gida aka ajiye a ɗakin da kayan gara suke.

Lahadi da hantsi gwaggwannin amarya, waɗanda suka zo daga Sumaila, suka loda gara a mota. Su a saninsu duk abin zaƙi da ke ɗakin gara, gara ne. Suka ɗauki kek ɗin da bismillah, suka sa shi a gaba, suka kai Babban Giji suna guɗa, aka ba su tukuici mai kauri saboda shi, suka dawo suna ba da labarin yadda dangin ango suka riƙe baki. Ana cikin haka Mubarak ya shigo neman kayan haya zai mayar.

Ina tsakar gidan lokacin. Kulu ta zauna daɓas a bakin rijiya. Ɗaya daga cikin gwaggwannin ta ƙara da cewa Hajiya Indo, kakar ango, ta aika wa dangi kaf su hallara bayan la'asar, da hannunta za ta yanka ta raba. Kulu ta miƙe ko mayafin kirki babu, ta nufi gidan Maman Hope, na bi ta.

Mun tarar ta dawo daga coci ke nan, ko takalmi ba ta cire ba.

"Maman Hope, na shiga uku. Yaron nan ya kashe ni. Soso aka kai wa surukai a gara, la'asar za su yanka."

"Zauna, Maman Mubarak. Hawa nawa ne?"

"Biyar."

"Ko da wuta da gas, biyar ba ya gasuwa ya huce kafin la'asar."

Kulu ta fashe da kuka. Maman Hope ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta. Duk layi mun san abin da ke ciki. Asabar mai zuwa za a ɗaura auren Hope, 'yarta tilo, kuma kek ɗin bikin ya riga ya gasu, hawa huɗu, an naɗe shi yana jiran kwalliya. Wata da watanni tana tara masa zabibi da dabino da ɓawon lemo, ta jiƙa su a zuma, ba ta ɗiga masa barasa ba don ta ce maƙwabta za su ci. Ta sha faɗa mana shi ne kek ɗin da ta shekara talatin tana koyon yi.

Ta ɗaga murya. "Hope, fito da su."

Hope ta leƙo, ta gane, idonta ya kawo ruwa. "Mama, nawa ne fa. Zabibin nan ba za a sake samunsa a sati ɗaya ba."

"Na sani. Ke in an yanka naki aka ga ba zabibi, wa zai zage ki? Ita Zahra'u a gidan za ta zauna."

Hope ta juya ciki. Da ta fito, kek ne a hannunta, kuma ita ta fara tankaɗe sukarin kwalliya tana share ido da gefen hannu. Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Ni da na iya alƙalami kawai aka ba ni muciya, na yi bugu har kafaɗata ta yi kwana uku tana tuna mini. Maman Hope na murza farin lulluɓin sukari da kwalba, tana shimfiɗawa, tana shafe shi da tafin hannu, ga yatsun nan masu ciwo suna murɗa furanni ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce wayyo ba, sai dai lokaci lokaci ta tsoma hannun a ruwan ɗumi ta ci gaba.

Ana kiran la'asar Ɗanladi ya kawo adaidaitarsa ƙofar gida. Ni da Maman Hope da ƙanwar Kulu muka shiga baya, kowa da hawa a cinya, na huɗun, ƙaramin, Maman Hope ta ɗora bisa nata ta tallafe. Ɗanladi da aka sani da gudu ya koma tafiyar mai ɗauke da jinjiri, na baya suna ta danna masa oda yana ba su haƙuri da hannu. A hanya ƙanwar Kulu ta ce ko mu lallaɓa ta ƙofar baya mu musanya ba wanda ya sani. Maman Hope ta ce a'a, ta ƙofar gaba za mu shiga.

Mun makara da kaɗan. Muna sallama muka tarar falo cike da mata, Hajiya Indo na tsakiya, ta riga ta luma wuƙa a hawan ƙasa. Wuƙar ta yi wani ƙiii, ta cije. Ta zaro, sai ga farin ɓarɓashi na bin hannunta. Wata daga gefe ta ce, "Ikon Allah! Katifa aka kawo mana?" Dariya ta fara tashi. Na hango Zahra'u a bakin ƙofar ɗaki cikin lulluɓi, tana kuka.

Maman Hope ta durƙusa da kek a hannu ta gaida tsohuwar.

"Hajiya, a yi haƙuri. Wancan na hoto ne, kuskure aka yi aka haɗo shi da kaya. Ga na gara, daga gidan su amarya."

A gabansu ta jera shi hawa bisa hawa, ta goge wuƙar, ta miƙa da hannu biyu. Hajiya Indo ta dube ta, ta dubi kek ɗin, ta yi bismillah ta yanka. Wuƙa ta shige sumul. Cikinsa ya fito jawur, cike da zabibi, ƙamshin zuma ya tashi har dariyar ta tsaya da kanta. Tsohuwar ta kai loma, ta tauna a hankali, ta sake kai wata.

"Wa ya ce katifa? Matso ki karɓi naki. Ke kuma amarya, share hawayenki. Gidan da ya aiko da wannan ya san darajar mutane."

Ƙanwar Kulu ta rangaɗa guɗa, falo ya ɗauka. Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba.

Maman Hope ba ta karɓi ko sisi a hannun Kulu ba, kuma ba ta faɗa wa kowa na wane ne kek ɗin ba. Zahra'u ce ta faɗa wa kakar mijinta. A satin Maman Hope ta sake gasa wa Hope wani, fari, hawa biyu, ba zabibi. Ranar Asabar, an fito daga coci ana zaune a ƙarƙashin rumfa, sai ga motoci biyu da adaidaitar Ɗanladi. Hajiya Indo ce ta fara fitowa da sandarta, Kulu na bayanta, sai mata ɗauke da fanteka fanteka na alkaki da dubulan da nakiya. Tsohuwar ta ce ita ba ta san al'adar mutanen Zonkwa ba, amma 'yar da ta ba da kek ɗin aurenta ba za ta tafi gidan miji ba gara ba. Ranar na ga Maman Hope, wadda ba ta yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka binne mijinta, ta rufe fuska da ɗankwali.

Ke ce, Maman Hope, mai hannun zuma, wadda ta ƙi sayar mana da soso lokacin da soso ke kawo kuɗi. Ke ce kika ɗauki abin da kika fi so a duk aikinki kika ɗora a cinya, kika kai gidan da ba ki san kowa ba, don kada a yi wa 'yar maƙwabciya dariya. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sassauta wa yatsun nan, Ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma 'yan matan da ke koyon sana'ar nan a waya, ku zo ku ga yadda ake fasa ƙwai kafin wata ya ƙare, ƙofarta a buɗe take. Masu saye, in mai kek ta faɗi kuɗinta, ku sauke hannu daga ƙirji ku biya ta da fara'a. In kuna son sanin abin da kek ɗin Maman Hope ya saya, ku je Babban Giji ku tambayi Zahra'u. 'Ya'yanta uku yanzu a gidan, an yi faɗa an yi shiri kamar kowane gida, amma har yau ba wanda ya taɓa buɗe baki ya yi mata gorin gara.