Agashen Da Aka Soya

Shekara biyu ina gaya wa 'yan ajinmu cewa babana harkar nama yake yi. Ban yi ƙarya ba, Allah ya gani. Su suka ɗora nasu a kai, har wata ta ce ta ji tumakinmu jirgin ruwa ke kwasa zuwa Saudiyya, ni kuma na gyara mayafina na bar ta a haka. Gaskiyar magana, babana mai agashe ne a bakin titi a Alsawra, unguwarmu da ke tsallaken kogi daga Khartum. Da an yi la'asar zai hura gawayi, ya jera tsinkayen nama, ya barbaɗa yajin da kakata ke dakawa da ƙuli-ƙuli. Ƙamshin har raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, yake tsayarwa. Na taɓa ganin jaki ya ja birki.

A makaranta Larabci zalla nake yi. Hausata nakan bar ta a ƙofar gida tare da silifas ɗin wanka, don kada a bi ta a gano sana'armu.

Ina da ƙawa 'yar wani likita. Da ta ci jarrabawa, babanta ya ce zai kai ta sabon gidan abincin nan na Khartum da kowa ke ta saka hotonsa a waya, ta ce sai da ni. Ranar na ƙi karin safe, na ƙi tuwon asidar rana. Kakata ta biyo ni da kwano har zaure, na ce mata yau abincin manya zan ci. Ta ce Allah ya sa su manyan suna ƙoshi.

Muka haye gada a motar likita, har da matarsa. Tun daga ƙofa sanyin wurin ya daskare min hanci. A gabana aka jera wuƙaƙen da za su ishi unguwarmu yankan layya. Aka kawo romo a ƙoƙon da bai kai na shan gahawa ba. Aka kawo faranti mai faɗin faifai, abincin can tsakiya kamar maɓallin riga da ya ɓata, da ganyen da akuyarmu ba za ta ko sansana ba. Na kai hannu, ƙawata ta make ni, wai ba a ɗauki hoto ba tukuna. Ta ɗauka daga sama, ta ɗauka daga gefe, ta hau kujera da gwiwa. Kafin ta gama abincin ya huce, ya fara tsufa. Cikina kuwa yana ta kuka, sai na riƙa tari ina rufe masa asiri.

Can sai mai raba abincin ya dawo, da ɗan ƙyalle ɗaure a maƙogwaro, ya ce yanzu za mu ci abin da gidan ya yi suna da shi. Ya tsuke baki, ya ja ƙarshen kalmar kamar mai kiran salla: agashe. Matar likita ta tambaye shi daga ina sunan ya fito. Ko kunya babu, ya ce Faransanci ne, mai girkinsu daga waje ya zo da shi.

Yanka uku ne a kan katako, suna ta sheƙin mai. Babu albasa, babu lemon tsami, babu ko ƙamshin hayaƙi. A gefe an shafa tunkuza da bayan cokali, kamar wani ya taka ta ya zame. Ni da na tashi a gindin gawayi, kallo ɗaya na san naman nan bai taɓa ganin garwashi ba. A kasko aka soya shi.

Na daure. Na ƙirga fitilun rufi. Na ce wa kaina ki tauna ki haɗiye, asirinki ya fi yaji muhimmanci. Sai ƙawata ta ɗan gutsura, ta lumshe ido, ta ce ai wannan shi ne na gaske, ba irin ƙazamin nan na bakin titi ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Wannan ba agashe ba ne," na ce. "Asoye ne."

Babu wanda ya yi dariya, don babu wanda ya gane. Kuma babu abin da ke ci min rai kamar in yi barkwanci mai kyau ya faɗi ƙasa. Sai na shiga bayani. Na ce kalmar Hausa ce, a gashe, wato abin da aka ɗora kan wuta. Wanda aka saka a mai a soye yake, wanda aka saka a ruwa a dafe. Na ce wa mai ƙyallen ya je ya gaya wa Bafaranshen nasa ya gyara takardarsu. Sai da na kai aya na lura duk idanun teburin suna kaina.

Likita ya ajiye cokalinsa ya tambaye ni a ina na koyi Hausa haka.

"A gida, ya ammu," na ce, wato baffa da Larabci. "Babana ma agashen yake sayarwa."

"To tumakin fa?" in ji ƙawata.

"Suna nan. A tsinke."

Likita ya yi dariya har da share hawaye, ya ce shi ma yunwa yake ji, mu tashi. Kafin magariba motarsa na tsaye gaban babana. Babu wanda ya fito sai ni. Gilashi aka sauke kaɗan, daidai shigar ƙunshin takarda. Suka cinye tas, matar likita har da lashe yatsu, aka ƙaro. Ina tsaye ina kallon wayar ƙawata a kan cinyarta. Ba ta ɗaga ta ba ko sau ɗaya. Hoton yanka ukun nan ta saka daga baya, da alamar zuciya a ƙasa, mutane na ta yabawa. Har yau in na tuna sai na ji kamar in ciji tebur.

Da suka tafi babana ya tambaye ni me ya sa yarinyar take kallonsa kamar ta ga aljani. Na gaya masa komai, har da jirgin ruwa. Na so ya yi faɗa. Bai yi ba. Ya juya tsinkayensa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana gyara garwashin da ba ya bukatar gyara. Sannan ya miƙo min mafici.

"Ungo, 'yar mai harkar nama. Ki fuskanci titi."

Haka na tsaya da rigar fitata ina fifita wuta, hayaƙi na shiga idona, motocin haya na wucewa cike da mutane, rabinsu kamar 'yan makarantarmu. Sai da aka kira salla ya zaro tsinke biyu, ya matsa musu lemo, ya ba ni ba tare da ya dube ni ba.