Mutumin da Ya Rufe Tallan Amininsa

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan Malam Ubaidullahi a Tsiga bayan sallar asuba zai same shi a kan tabarma, tabarau a ƙarshen hanci, waya a hannun hagu, yana jan ta da yatsa ɗaya. Shayinsa yakan huce bai sani ba. Ba hira yake yi ba. Shara yake yi a zaurenmu na Fesbuk, inda manoma da 'yan kasuwar hatsi daga Funtuwa har Malumfashi suke talla da ciniki. Shi ne admin, wato mai kula da zauren, tun ranar da aka buɗe shi, kuma a makon nan zai sauka saboda idanunsa sun gaji.

Mu dai mun san halinmu. Mutum zai sa hoton masararsa da kaka, fara tas, mutane su yi ta yabo a ƙasa. Bayan watanni, ko shekara, sai ya koma ƙarƙashin tallan nan ya rubuta "akwai", tallan ya dawo sama da hotonsa da yabonsa. Ka ɗauki mota daga Malumfashi ka je, ka tarar da wata masarar daban, wadda ƙwari suka riga ka ɗanɗanawa. Wannan ne Malam ya tsaya a kai. Ya ce mai talla kaɗai ke da ikon tayar da tallansa, kuma sai da sabon hoto na ranar, hannunsa a cikin buhu. In kaya sun ƙare, a faɗa, a rufe. Mun yi gunaguni har mun gaji. Wasu suka sa masa suna Kwastan, shi kuwa ya amsa abinsa.

Amma ba don wannan kaɗai nake jinjina masa ba. Akwai Alhaji Mudi na Maska, mai sayar da irin shuka, amininsa tun suna yara. Tallan Alhaji Mudi ya fi na kowa tsawo a zauren, domin duk damina sai ya tayar da shi bisa ƙa'ida, manoma kuma su dawo su rubuta yadda irin ya tsiro. Sai Allah ya yi masa rasuwa. Ɗansa Awaisu ya gaji shagon, kuma Awaisun nan shi ke auren Sadiya, 'yar Malam Ubaidullahi.

Da ruwa ya kusa sauka, Awaisu ya ɗauki wayar mahaifinsa ya rubuta "akwai" a ƙarƙashin tallan. Nan take mutane suka fara tambayar inda za su zo. Malam ya goge kalmar, ya rufe tallan, ya bar duk abin da ke ciki yadda yake.

Mark, maƙwabcin Malam mai gyaran injin ban ruwa, yana wurin lokacin da Awaisu ya iso a kan babur, kuma shi ya ba ni labari. Ya ce Awaisu ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya kawo kukansa.

"Baba, ai gadona ne. Shagon nawa ne yanzu, me ya sa za a hana ni tallan?"

"Shagon naka ne, buhunan naka ne," in ji Malam. "Amma mutanen nan da suka rubuta sun gode, wa suka gode wa?"

"Mahaifina."

"To. Irin da ke hannunka na yaushe ne?"

Awaisu ya ce ragowar na bara ne, amma ai an adana shi da kyau.

"Wataƙila ya tsiro, wataƙila ya ƙi. In ya ƙi, ba kai za a zaga ba, Mudi za a zaga, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. Ka buɗe naka, ka faɗi gaskiyar irin, ni zan fara yaɗa maka."

Awaisu ya tashi ba sallama. Ya fita daga zauren Fesbuk ɗin, kuma da Sallah ta zo Sadiya ba ta zo gida da yaran ba. Mata sun yi magana, dangi sun yi magana. Har ni na ce wa Malam ya sassauta, ai Awaisu na gida ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wanda zai binne irin nan a gonarsa fa, shi ba na gidan kowa ba ne?" Wallahi na ji nauyin maganar, kuma na ga yadda abin yake cinsa, domin ya rame a watannin nan.

Malam, kai ne ka zaɓi a yi fushi da kai a gidanka da a yi asarar damina a gidajen da ba ka ma san su ba. Kai ne mai tsare sunan wanda ya tafi. Ba a biya ka ba, ba a ma cika gode maka ba, don haka yau muna godiya da babbar murya. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu riƙe da zaurukan awaki da wayoyi da babura, ku duba ku gani: doka ba ta zama doka sai ranar da ta taɓa naka.

Da kaka ta yi, Awaisu ya dawo zauren da sunansa, ya sa hoton sabon iri, hannunsa a cikin buhu. Yabon da ke ƙasa bai kai ko kusa da na mahaifinsa ba, amma nasa ne. Shekaranjiya na je yi wa Malam bangajiya, na tarar da jikokinsa suna ta ɗare masa wuya, Awaisu na zaune a gefen tabarma. Na tambayi Awaisu cikin zolaya ko har yanzu yana son a buɗe masa tsohon tallan.

Ya girgiza kai. Ya ce, "A bar shi a rufe. Yarana za su girma su karanta, ba za su ga ko mutum ɗaya da ya ce kakansu ya cuce shi ba."