Jaket ɗin Noel a Ƙasan Durowa

Duk wanda jaket ɗinsa ya yage a garin Fairlie na ƙasar New Zealand ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Glenys Prebble ce, a garejin bayan gidanta, da keken ɗinkinta da buhunan gashin agwagwa da ake cusa wa jaket don ɗumi. Tun tana budurwa take wannan sana'a har kanta ya yi fari, ko da yake wasu na cewa rabin furfurar gashin agwagwa ne ya maƙale.

Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa cewa tana da ita ba. Mutanen wurin kuwa in jaket ya huje ba sa kawo shi da wuri. Sai su manna salatif, in ya ɓanɓare su ƙara wani a kai, har rigar ta koma rabi yadi rabi salatif, sannan su shigo suna murmushi. Makiyaya da mafarauta da masu hawan dutse don nishaɗi, duk halinsu ɗaya. Glenys takan ɗaga rigar da yatsa biyu ta ce, "Wannan ɗinki kake so a yi mata ko jana'iza?"

Amma za ta gyara. Ta farke inda gashin ya gudu, ta cusa sabo, ta ɗinke, sannan ta ɗaga rigar a taga, don duk inda haske ya ratsa nan sanyi zai bi. Kuma ba mai fita bai sha huɗuba ba. Kada ka cusa jaket a 'yar jakarsa ka ajiye, rataye shi ya sha iska, in ba haka ba gashin ya kwanta ya daina riƙe ɗumi. In kuwa ya riga ya kwanta, sai wanki, sannan a jefa shi a injin busarwa tare da ƙwallayen tanis, su yi ta dukansa har ya tashi. Duk garin an haddace.

Mijinta Noel makiyayi ne. Kowace kaka, kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya, yakan hau duwatsu da karnukansa, shi da sauran maza, su koro tumaki ƙasa. Jaket ɗaya ya sa duk tsawon aurensu, ja, mai kauri, wanda ta ɗinka masa tun bai iya buɗe baki ya ce yana sonta ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin kwazazzabai, sai ga shi ya mutu a kujerar kicin yana jiran ruwan shayi. Glenys ta kashe wutar butar, sannan ta kira likita.

Bayan an binne shi ta sauko da jaket ɗin daga ƙusar bayan ƙofa. Warin Noel na nan a jiki: hayaƙin icce, maiƙon ulu, da tabar da ya rantse mata ya daina sha. Ta san in ta bar shi a rataye iska za ta kwashe warin sarai. Sai ta yi abin da ta shekara da shekaru tana zagin mutane a kansa. Ta cusa shi a jaka, ta ja igiyar da ƙarfi, ta tura ƙasan durowa. Lokaci-lokaci takan sassauta bakin jakar ta sa hanci, ta sake ɗaurewa. Ba wanda ya sani, shekaru suka wuce a haka.

'Ya ɗaya suka haifa, Kerrin, wadda ta gaji karnukan uban da taurin kansa. Wata safiya ta faɗo garejin, takalmanta duk laka.

"Mama, an ɗauke ni koron tumakin bana. Can sama, inda Baba yake zuwa."

"Madalla. Fitar min da takalman nan."

"Ina jaket ɗinsa? Ya ce ran da na fara hawa ya zama nawa."

Glenys ba ta ɗago daga keke ba. "Ya yi miki yawa, buhu za ki koma. Ga sababbi nan a rataye, ɗauki wanda ya yi miki."

"Nasa nake so. In babu, in tafi da wannan." Ta ja wuyan 'yar rigar jikinta, wadda ko sanyin cikin gari ba ta tarewa.

"Ubanki sak. Sai an sauko da ke a sandare hankalinki zai kwanta."

Ta san yarinyar za ta aikata. Ta shiga cikin gida ta dawo da jakar, ta zazzage a tebur. Jaket ɗin ya faɗo a yamutse, ya kwanta kamar tsumman goge tukunya. Suka tsaya suna jira ya tashi, bai tashi ba. Glenys ta ɗaga shi a taga, haske ya ratsa ta ko'ina.

Kerrin ta dubi uwarta. "Mama, ke? A jaka?"

"Kin ga wani a gidan nan ban da ni?"

Kerrin ta buɗe baki za ta yi mata tsiya, sai warin ya iso hancinta. Ta ɗauki rigar ta kifa fuskarta a wuyan, ta daɗe a haka. Da ta ɗago idanunta sun kaɗa.

"Kada ki wanke shi, Mama. Haka zan sa."

"A kan dutse?"

"Sai in ƙara suwaita a ciki."

Glenys ta san wannan muryar, da ita Noel yake cewa hadarin ba zai iso ba. Yarinyar za ta sa shi a haka, ta hau, iskar sama ta ratsa ta kamar ba riga a jikinta. Glenys ta karɓe jaket ɗin.

"Je ki gidan karnuka ki ɗebo min ƙwallayensu. Ki ɗauraye yawun."

Da Kerrin ta fita, Glenys ta sa fuskarta a rigar ta ja numfashi mai tsawo. Abin ya yi mata ciwo, ciwon da ko ranar binnewa ba ta ji irinsa ba. Sannan ta tura shi cikin injin wanki ta kunna ruwa.

Wuni guda ƙwallayen suka yi suna dukan ƙarfe a injin busarwa, ita kuwa tana kan keke tana sa wa jaket ɗin wani mafarauci zif. Da yamma jaket ɗin ya fito a kumbure, ja, da ɗumi, ba abin da ke tashi a jikinsa sai ƙanshin sabulu. Ta ɗaga shi a taga, haske bai ratsa ba. Ta sa wa Kerrin, ta naɗe mata hannuwan, ta ja zif har haɓa.

"In kin dawo ki rataye shi," in ji ta.

Bayan motar Kerrin ta fita, Glenys ta koma share tebur, sai ta ga jakar a yashe, ba komai a ciki. Ta kai hanci. Akwai ɗan saura. Ta ja igiyar da ƙarfi, ta mayar da ita ƙasan durowa.