Tayar Da Ta Tsaya A Hannuna

Har yau ba na son jin warin man giyar mota. Ba laifin man ba ne, Yayanmu yake tuna mini.

Babanmu ya rasu ya bar tsohuwar a-kori-kura, wadda ya yi rayuwarsa yana dakon hatsi da ita. Lungunmu a Dukawuya mota ba ta shiga, don haka a filin bakin lungu take kwana. Inna ta roƙi abu ɗaya: a bar motar a ba wani direba, abin da ta kawo a riƙa cefane da shi. Ba ta da wata madogara.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya fara cewa giyar motar ta mutu, gyaranta ya fi ƙarfinmu, gara a sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ya tara kawunnanmu da liman da sassafe, ya zo da wani abokinsa mai jan ido wai shi ne mai saye. Mu mata muna soro muna leƙe, don gidanmu ne na farko a lungun. Aka ɗaga bayan motar da jak, aka tokare da bulo. Yaya ya tayar da inji, ya girgiza sandar giya kowa ya ga tana firi, wato ba a sa giya ba, ya sauko ya nuna musu tayoyin baya. Suna juyawa a hankali, su kaɗai.

Dattawa suka hau salati. Babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari a cikinsu. Yaya ya marairaice murya, yana cewa motar da ke tafiya ba a sa mata giya ba wata rana sai ta tattake yaran unguwa. Har da goge ido, munafuki.

Ni kuwa na san wannan juyin tun ina 'yar firamare. Ko giya tana firi, haƙoran ciki suna juyawa muddin inji na aiki. Man da suke iyo a ciki yana da kauri, balle da safe kafin ya yi zafi, sai ya riƙa jan ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyi, kamar yadda muciya ke jan tuwo. Taya a sama ba nauyi, sai ta bi. Juyin ba ƙarfi gare shi ba, tafin hannu ma tsayar da shi yake. Wa ya koya mini? Yaya. Shi yake kama hannuna ya ɗora a kan tayar duk ranar da Baba ke duba birki, in ta tsaya ya ce ƙanwarsa ta fi mota ƙarfi.

Na ja mayafina na fita. Na ratsa mazan nan, na dafa tayar da ke kusa da ni. Ta tsaya cak.

Na ɗauka shi ke nan, magana ta ƙare. Ashe ba tayar suke kallo ba, ni suke kallo. Babban kawunmu ya ce ina tarbiyyar da aka ba ni, mace ta kutso cikin maza ana maganar gado. Yaya ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Cire hannunki, kada ki kunyata ni."

Bai ce ƙarya nake ba. Wannan ne ya fi ba ni ƙyama. Na yi ta bayani, liman yana kallon ƙasa, aka kora ni cikin gida. Inna tana takaba, ba ta fita. Ta kalli baƙin da ke tafina, ta miƙo mini sabulu. Kafin azahar an ja motar.

Bayan ta fita takaba na raka ta asibiti. Muna tsaye a Ƙofar Ɗan Agundi muna jiran adaidaita, sai ga a-kori-kura shaƙe da buhunan masara, an sake mata fenti, tana tafe lafiya lau. Yaya ne a sitiyari, mai jan idon nan a gefensa. Fenti ba ya ɓoye ƙarar inji, kuma Inna ta yi shekara da shekaru tana jin wannan ƙarar ta ɗora ruwan wankan Baba.

Na buɗe baki zan yi magana, ta riƙe mini hannu, ta kau da kai.

"Ba tamu ba ce," in ji ta. "Tamu ai ta mutu. Yayanki ya faɗa."